Wa Ke Riƙe Da Mabuɗin Wayarki?



Duk wadda ta tashi a gaban kakarta ta san adaka. A ciki tsohuwa ke ajiye kuɗin adashi, da 'yan kunnen zinari, da turamen da take tanadi don auren jikoki, da wasiƙun ɗanta da ke aiki a Kaduna. Mabuɗin kuwa yana ƙulle a bakin zane ko cikin lalita, da shi take kwana, da shi take tashi. Komai son da take yi wa jika, ba a taɓa jin ta miƙa masa mabuɗin adaka don ya daina kuka ba. Ƙuli-ƙuli za ta ba shi, ko ta goya shi.

To, yau adakar tamu ta koma cikin waya. Kuɗin adashi suna ciki, a banki ko a OPay ko a Moniepoint. Hotunanki da kika ɗauka a ɗaki ba mayafi suna ciki. Hirarki da maigida, da ƙorafin da kika kai wa mahaifiyarki, da lambobin dangi kaf, duk suna ciki. Amma da zarar yaro ya ɓare baki muna tsakiyar tuƙa tuwo, sai mu ce, “Ungo, je ka buga gem.” Ya ɗauka ya yi zaure, ko ya yi waje wurin abokai, ba za mu sake tunawa da ita ba sai caji ya ƙare. Wannan shi ne abin da nake so mu duba a filinmu na yau.

Kada a ce malama ta zo hana yara wasa. Ko kusa. Yaron da ba ya wasa ba shi da lafiya, kuma mu ma mun yi carafke da 'yar gala-gala har aka fito da bulala nemanmu. Yayyenmu da suka riski farkon shigowar wayar hannu, daga 2001 zuwa sama, sun sha wasan maciji a 'yar Nokia, ba abin da ya same su. Akwai ma wasannin da na ga suna taimakon yara wajen lissafi da haɗa baƙaƙe. Sai dai wasan maciji ba ya magana da kowa, ba ya tambayar komai. Wasannin yau kuwa da yawansu ƙofa ce a buɗe, mutum na iya leƙowa ta nan, kaya kuma na iya fita ta nan.

Mu fara da tambayar da ba mu cika yi ba. Wanda ya zauna a wata ƙasa ya ɓata shekaru yana ƙera wasa, ya ba ɗanki kyauta, me yake samu? Hausawa sun ce banza ba ta kai zomo kasuwa. Abu na farko, talla. Kowane 'yan mintoci sai talla ta faɗo, kamfanin ya karɓi ladansa, ke kuma datarki ta tafi. Cikin tallan nan akwai na caca, akwai na bashi, akwai hotunan da ba za ki so ɗan shekara bakwai ya gani ba. Yaro bai iya karanta Turanci ba, abin da ya fi ƙyalli shi zai danna. Ta haka ake shigar da layi cikin wasu tsare-tsare da ke cire kuɗi kullum, sai ki sa kati da safe, da la'asar ki tarar an zaftare, ki yi ta zagin kamfanin waya. Abu na biyu, sayayya a cikin wasan, watau a sayar wa yaro riga ko bindiga ko ƙarin rai na ƙarya da kuɗin gaske. Na uku shi ne wanda ba a gani: bayanan mai wayar. Wasa ne na jera alewa ko na tseren mota, amma sai ya nemi izinin ganin hotuna, da lambobin mutane, da inda wayar take. Ina ruwan tseren mota da lambar surukarki? Yaro kuwa “na yarda” kawai zai danna don ya wuce.

Kada ku ɗauka ƙananan 'yan damfara ne kaɗai ke wannan. A watan Disamba na 2022 hukumar kula da ciniki ta Amurka ta sa kamfanin Epic Games, mai wasan Fortnite, ya biya dala miliyan 520. Laifin da aka tuhume shi da shi har da tattara bayanan yara 'yan ƙasa da shekara 13 ba da sanin iyayensu ba, da barin baƙi su riƙa magana da yaran kai tsaye, da shirya madannai yadda mutum zai yi sayayya bai ankara ba. In wannan ya faru ga 'ya'yan waɗanda suka ƙera abin, ina ga namu?

Maganar baƙi ita ta fi tsaya mini a rai. Wasanni irin su Free Fire da PUBG da samarinmu ke so, ba da na'ura kaɗai ake yin su ba, da mutane ake yi, ana jin muryar juna. Ɗanki yana kwance a tabarma a Kurfi, yana hira da wani wanda ya ce shi ma ɗan shekara goma sha biyu ne, alhali mai yiwuwa gardi ne mai gemu. Yau ya tambayi sunansa, gobe sunan garinsu, jibi sana'ar babansu da ko suna da shanu. A wani wuri wannan hira ce kawai. A nan yankinmu kowa ya san abin da irin wannan bayani zai iya jawowa. Ba mu manta da watan Satumba na 2021 ba, lokacin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jiharmu, har da Dutsin-Ma da Kurfi, don a toshe hanyar da 'yan bindiga ke samun labari. Ba mu manta da ɗalibai mata biyar na Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da aka ɗauke daga masaukinsu a watan Oktoba na 2023 ba. Ban ce waya ce ta jawo wannan ba. Abin da nake cewa shi ne, a gari irin namu labarin gida dukiya ne, ba a watsa shi. Haka nan mu manya da ke ɗora hoton akwatunan lefe, da sabuwar mota, da “gobe in Allah ya so muna hanyar Katsina” a kan WhatsApp, ya kamata mu tambayi kanmu su wa ke gani. Wayar tana da wurin da za ki zaɓi mutanen da za su ga abin da kika ɗora, da waɗanda za su ga hoton fuskarki. Ki nemi a nuna miki.

Wancan katse layi ya koya mana wani abu mai amfani, ko da yake da wahala muka koye shi. A watannin nan ba kira, ba saƙo, amma yara ba su daina buga gem ba. Ashe yawancin ƙananan wasannin ba su bukatar intanet. Saboda haka hanya mafi sauƙi, wadda ba ta cin ko kwabo, ita ce kafin ki miƙa wa yaro waya ki danna alamar nan ta jirgin sama. Layi ya yanke, yawancin talla ta tsaya, baƙo ba shi da hanyar magana, kuɗi ba su fita. In ya gama ki mayar. Manyan yara za su gane yadda ake cirewa, gaskiya ne, shi ya sa wasan ya zama a gabanki, a tsakar gida, ba a zaure ba. Wadda Allah ya hore wa, ta ware tsohuwar waya marar layi ta zama ta wasa, ta huta. Masu ɗan ilmin abin kuma akwai manhajar Google mai suna Family Link, wadda ke ba uwa ikon ƙayyade lokaci da hana sauko da sabon wasa sai da izininta.

Lokacin ma abin dubawa ne. Mu malamai muna gane yaron da ya kwana a kan waya tun daga layin taron safe: ido ja, hamma, ba aikin gida. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa jarabar wasan na'ura cikin jerin cututtukan da ta sani, watau idan abin ya kai mutum ya bar karatu da barci da mutane saboda shi. A 2021 ƙasar Sin, wadda kamfanoninta ke cikin manyan masu wannan sana'a a duniya, ta kafa wa 'yan ƙasa da shekara 18 dokar awa ɗaya tak ta wasan intanet a ranakun Juma'a, Asabar, Lahadi da ranakun hutu. Mu ba gwamnatin da za ta shigo ɗaki ta karɓe waya. Ke ce gwamnatin.

Yanzu mu bar yara, mu dawo kan hannuwan da wayarmu ke bi a mako guda. Wuta ba ta samuwa, sai mu aiki yaro ya kai caji, ta wuni a shago cikin wayoyi hamsin. Gilashi ya fashe, sai a kai wa mai gyara, ya ce a bar ta sai gobe, a kuma faɗa masa lambar buɗewa. Muna son sabon fim, sai mu ba da katin ajiya a kai wa mai turi, katin da hotunanmu na shekara biyar ke ciki. Za mu cire kuɗi, sai mu ba almajirin gida katin banki, mu faɗa masa lambar sirri da ƙarfi har maƙwabta na ji, ya tafi wurin mai POS. Yawancin samarin nan masu neman halak ne, 'ya'yanmu ne da ƙannenmu, Allah ya yi wa sana'arsu albarka. Amma shago ba mutum ɗaya ke zama ba, akwai abokai, akwai yaran shago, kuma ɓata-gari ɗaya ya isa. Kwafe hotunan waya gaba ɗaya bai fi 'yan mintoci ba.

Maganin ba mai tsada ba ne. Waya za ta caji, a kulle ta, a kashe ta. Za ta gyara, ki cire layi da katin ajiya tukuna, in da hali wani naki ya tsaya a yi a gabansa. Canjin gilashi ko batir ba ya bukatar a shiga cikin hotuna, in za a gwada a gwada a gaban mai ita. Katin fim daban, katin hotuna daban. Ki kuma sani hoton da kika goge ba nan take yake ɓacewa ba, wayoyi da yawa suna ajiye shi a wani kwandon shara na makonni, sai an bi shi can an sake gogewa. Hoton da ba za ki so ɗan'uwanki namiji ya gani ba, mafi alheri kada a ɗauke shi tun farko.

Na san abin da wasu za su ce, don na sha ji a gidan suna: mace ba ta kulle waya sai in tana da abin ɓoyewa. Haba jama'a! Labulen da ke ƙofar ɗakinki, laifi kike aikatawa a ciki? Sutura ce. Tsakaninki da maigida kuwa, wannan shawararku ce ku biyu. In al'adarku kowa ya san lambar kowa, madalla, ki faɗa masa. Kullen ba dominsa aka yi ba. An yi shi ne don ranar da wayar za ta zame daga jaka a cunkoson kasuwar Laraba, ko a bar ta a kujerar mota. Ina roƙon mazajen da ke leƙa wannan fili, don na san suna leƙawa, su daina ɗaukar kulle waya a matsayin rashin kunya. Mutuncin da ake karewa naku ne tare.

Lambar kullen kuma kada ta zama 1234, ko shekarar haihuwarki, ko ƙarshen lambar wayarki, nan ɓarawo ke fara gwadawa. Kada ta zama ɗaya da ta katin banki. Wadda ba ta yi boko ba ta sa zane ko ɗan yatsa. Layin kansa ma ana sa masa lamba, kuma wannan ya fi muhimmanci fiye da yadda muke zato, domin ɓarawon waya na yanzu sau da yawa layin yake so: ya zare shi ya sa a wata waya, ya nemi hanyar shiga asusunki na banki. In layi na da lamba, sai ya tsaya cak. Sai dai a kula, in aka yi kuskure sau uku layin zai rufe, sai da wata doguwar lamba da ke jikin katin da aka sayo layin da shi. Ki adana wannan kati. Ranar da waya ta ɓata kuwa, kafin kuka, kafin cigiya, a sanar da banki da kamfanin layi su rufe.

Sai damfarar da ta fi cin mata a 'yan shekarun nan. Waya za ta yi ƙara, murya mai ladabi ta yi sallama, ta kira sunanki daidai. Zai ce daga banki yake, za a rufe asusunki in ba ki faɗi BVN ba. Ko ya ce daga ƙungiyarku ta WhatsApp yake, za a yi taro, an turo miki lambobi shida, ki karanto masa don a sa sunanki. Ko ya ce tallafin gwamnati ya fito. Waɗannan lambobi shida su ne mabuɗin. Kina karantawa ya ƙwace WhatsApp ɗinki, ya shiga aika wa dangi da sunanki cewa kina asibiti a turo kuɗi, su kuwa su tura don sun ga hotonki. Banki ba ya kira ya tambayi lambar sirri. Duk lambar da ta shigo wayarki ta saƙo, taki ce ke kaɗai, ko wa ya tambaya ki kashe wayar. WhatsApp yana da kulle na biyu, inda za ki zaɓi lambarki da ba wanda ya sani. In kin sa shi, ko an yaudare ki an karɓi ta farko, ɓarawo zai tarar da wata ƙofar a rufe. Minti biyu ake yi a sa. Saƙonnin talla da suka dame ki kuma, ki rubuta STOP ki aika zuwa 2442. In kamfanin layi ya ci miki kuɗi kin kai kuka bai saurare ki ba, hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, tana da lambar ƙorafi kyauta, 622.

Manhajojin bashi ba sai na ja magana ba. Suna ba da dubu biyar cikin minti biyar, su kwashe lambobin da ke wayarki, ranar da kika makara su aika wa surukai da iyayen ɗalibai cewa ke ɓarauniya ce. Hukumar kare masu sayayya ta tarayya ta kai wa wasunsu samame a Legas a 2022, Google kuma ya hana su taɓa lambobi da hotuna a 2023, amma waɗanda ake turawa daga waya zuwa waya ba su bin wannan doka. Haka ma wasannin da yara ke karɓa daga wayar aboki, waɗanda aka ce an “buɗe” komai kyauta: ba wanda ya san abin da aka cusa a ciki. Adashinmu na gargajiya ya fi wannan bashi mutunci nesa ba kusa ba.

Doka tana nan. A watan Yuni na 2023 aka sa hannu a dokar kare bayanan jama'a, aka kafa mata hukuma. A 2024 gwamnatin tarayya ta ci kamfanin Meta, mai Facebook da WhatsApp, tarar dala miliyan 220, kan yadda yake sarrafa bayanan 'yan Nijeriya. Abin a yaba ne. Amma hukuma tana Abuja, hoton da ya riga ya zaga unguwa kuwa ba kotun da za ta dawo da shi. Wasu ɗalibai kan ce mini ai sun sa VPN, ba abin da zai same su. Samarinmu sun san wannan manhaja ne tun lokacin da aka rufe Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022. Aikinta ta ɓoye wa kamfanin layi inda kike shiga, amma mai manhajar shi yana iya gani, kuma na kyautar da yawa su ma da talla da bayanan mutane suke ci. Ba ta hana ki karanta wa ɗan damfara lamba da bakinki, ba ta kuma hana mai gyara buɗe hotuna.

Ku kuma 'yan makaranta, ƙannena, ku matso. Ku ne kuka fi iyayenku sanin waya, saboda haka nauyi biyu ne a kanku. In Mama ta ce ki sa mata kulle, ki nuna mata wurin, ki kau da kai ta sa lambarta da hannunta. In kin je shagon kwamfuta rajistar JAMB ko duba sakamako, ki yi da layin da yake naki ko na gida wanda ba za a yar ba, domin lambar rajistar tana ɗaure da layin da kuma NIN ɗinki. Kada ki bar wa mai shago kalmar sirrin imel ɗinki, in kin shiga a kwamfutarsa ki tabbata kin fita kafin ki tashi. Saurayin da ya ce ki turo hoto “na gani sau ɗaya” zai ɓace da kansa, ki tuna wata wayar na iya ɗaukar hoton fuskar wannan wayar. Wanda zai aure ki gidanku zai zo, ya gan ki a zaure da mayafinki.

In kuwa abin ya riga ya faru, wani yana yi miki barazana da hoto ko da hira, yana neman kuɗi ko abin da ya fi kuɗi muni, kada ki biya, domin wanda aka ba yau gobe zai dawo. Kada ki goge saƙonnin, su ne shaida. Ki faɗa wa mahaifiyarki, ko yayarki, ko wata malama da kika yarda da ita, a kai maganar ga hukuma. Tun 2015 akwai dokar laifuffukan intanet a ƙasar nan, kuma mai barazanar shi ne mai laifi a gabanta. Ku iyaye mata, a nan ne aikinku yake. Abin da ke ba waɗannan mutane ƙarfi shi ne yarinya ta fi tsoron uwarta a kan tsoronsu. In 'yarki ta zo tana rawar jiki ta faɗa miki irin wannan, ki ajiye muciyar, ki rufe ƙofa, ki saurare ta har ƙarshe. Faɗa yana nan, ba zai gudu ba, a yi shi bayan an kashe wutar.

Ina ganin makarantun Islamiyya na matan aure da tarurrukan iyaye da malamai za su iya ware rabin awa don wannan. Ga ɗalibai mata cike da gari, na jami'a da na Kwalejin Ilmi ta Isa Kaita, waɗanda za su zauna da iyaye mata su nuna musu a aikace, mace da mace, ba sai an kai waya shago ba. Kafin nan, wadda ta gwada sa kulle ta kasa, ta rubuto wa wannan fili ta faɗi irin wayarta, za mu yi bayani dalla-dalla in Allah ya yarda. Amma don Allah kada a rubuto mana lambar sirrin a cikin wasiƙar.